Lissafin kwali da buhu kafin ƙaura: yadda za ka ƙiyasta kayan gidanka

Idan mutum yana zaune cikin gidansa, gani yake ba shi da kaya masu yawa. Gado ne, da tabarmi, da ƴan tukwane, da akwati biyu ko uku. Ranar da aka ce a fitar da komi waje a ɗora bisa mota, ranar ce yake gane cewa ɗaki ɓoye kaya yake yi. Abin da ke ƙarƙashin gado, da abin da ke rataye ga bango, da abin da aka tura bayan randa tun shekara biyar da suka wuce, duka sai su fito tsakar gida. Direba yana tsaye yana jira, kwali ya ƙare, ana ɗaure kwanoni cikin zane. A cikin irin wannan gaggawa ce madubi yake fashewa, takardar haihuwar yaro ta ɓace, a kuma biya kuɗin sawu na biyu wanda ba a shirya masa ba.

Dalilan ƙaura suna da yawa. Wani ma'aikaci ne aka canza masa wurin aiki daga Tawa zuwa Yamai. Wani gidan haya yake ciki, mai gida ya buƙaci abinsa. Wani ya gama ginin nasa, zai tare. Wani kuma dole ce ta sa shi, kamar yadda aka gani a daminar 2024, lokacin da ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan guda a Nijar. Wanda ruwa ya kora ba ya samun lokacin shiri. Amma idan kana da mako biyu ko uku a gabanka, kana iya amsa tambayoyi uku tun kafin ka je wurin mai mota. Kaya nawa gare ni? Mazubi nawa za su ɗauke su? Sawu nawa za a yi? Kayan aikin da kake buƙata su ne takarda, da alƙalami, da lissafin da ka koya a aji. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Zagaya gida da takarda a hannu

Ka ware wa kowane ɗaki shafi guda: ɗakin maigida, ɗakin kowace mace, ɗakin yara, madafa, da tsakar gida. Idan akwai rumbu ko ɗakin ajiya, shi ma nasa shafi daban. Ka shiga ɗakin tare da mai shi. Wannan yana da muhimmanci, domin kayan ɗakin mace mallakarta ne, ita ce ta san abin da ke cikin akwatinta, kuma ita ce za ta faɗi abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Ke ma uwargida, idan kin iya rubutu, ya fi kyau ki rubuta shafin ɗakinki da hannunki.

Kada ka ce za ka rubuta kowane cokali. Ka rubuta kaya iri-iri da yawansu: zane 60, kwanon jere 45, tukunya 7, littafi 30. Ka duba sama da ƙasa, ka buɗe duk abin da ke rufe. Mutane sun fi manta kayan tsakar gida, wato turmi da taɓarya, murhu, bokiti, guga, igiyar shanya, fartanya da akurkin kaji, saboda kullum ido yana kansu har ya daina ganin su.

A lokacin wannan zagaye ne za ka rage kaya. Abin da ka aro, ka mayar wa mai shi tun yanzu, don kada a ce ka gudu da shi. Abin da ya lalace, wanda shekara biyu ke nan ana cewa za a gyara, ba zai gyaru a sabon gida ba. Ka sayar da shi ko ka bayar. Akwai kuma kayan da ɗaukarsu ta fi sayensu tsada. Randar ƙasa misali ce. Idan unguwa za ka canza, ɗauke ta. Idan kuwa daga Yamai za ka tafi Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 600, randa za ta ci wurin kwali uku, kuma da wuya ta isa lafiya. Ka bar wa maƙwabta ita, ka sayi wata can.

Kowane kaya da mazubinsa

Ba komi ne yake buƙatar kwali ba. Tufafi, zannuwa, barguna da gidan sauro ba sa fashewa, don haka babbar jikkar leda mai zif ko buhu mai tsabta sun ishe su. Kwali na kayan da ke son kariya ne: kwanoni, kofuna, rediyo, fitila, littattafai da kayan madafa. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo na kaya masu daraja ne, kamar turamen atamfa da shadda, da kayan da aka tara wa ƴar da za a aurar. Bokiti, da baho, da manyan tukwane su kansu mazubi ne. Kada ka bar su su yi tafiya ba komi a ciki. Ƙaramar tukunya ta shiga babba, ludayi da muciya su shiga bokiti. Duk abin da ya shiga cikin waɗannan ya rage maka kwali.

Kwali ana samun shi wurin masu shago da masu sayar da kaya a sari. Kwalin sabulu, na taliya, na madara da na biskit duka suna aiki. Ka nemi mai kauri, wanda bai taɓa jiƙewa ba, domin kwalin da ya sha ruwa ko ya bushe ƙarfinsa ya tafi. Ka buɗe shi a rana ka kakkaɓe, saboda kyankyaso yana yin ƙwai cikin lungunansa. Kwalin da aka taɓa zuba maganin ƙwari, ko maganin ɓera, ko takin zamani, kada ya kusanci abinci, ko kwano, ko tufafin yara. Haka ma buhun taki: ko an wanke shi, ba na hatsi ba ne.

Ka yi ƙoƙari yawancin kwalayenka su zama girma ɗaya. Wannan zai sauƙaƙa lissafi, kuma kwalaye masu girma ɗaya suna zama daram bisa juna cikin mota.

Kwalin gwaji

Ba wanda zai iya zama nesa ya gaya maka kwali nawa gidanka yake buƙata. Gidaje biyu masu ɗaki uku-uku suna iya bambanta ƙwarai. Ɗaya amarya ce a ciki da jerenta cikakke, ɗaya kuma tsofaffi biyu ne da ƴan kayansu. Saboda haka kada ka dogara ga yawan ɗakuna. Ka dogara ga gwaji.

Ka ɗauki kwali guda matsakaici. A cikin wannan bayani za mu yi aiki da mai tsawon santimita 50, faɗin santimita 40, tsayin santimita 30. Kana iya auna naka da igiyar awo ta tela, wadda tsawonta santimita 150 ne. Ka cika kwalin da kaya iri ɗaya, kamar yadda za ka shirya su ranar tafiya, wato kowane kwano an naɗe shi da tsumma ko takarda, an kuma cusa tsumma a wuraren da suka rage. Sai ka ƙirga abin da ya shiga. A ce kwano 10 ne suka shiga, a shafinka kuma an rubuta kwano 45. Ka raba 45 da 10. Amsa ita ce 4, saura 5. Waɗannan biyar ɗin su ma suna buƙatar wuri, don haka kwali 5 za ka rubuta. A lissafin ƙaura, idan an samu saura, sama ake hawa, ba a sauka ƙasa.

Ka maimaita gwajin da jikkar tufafi. Idan jikka guda ta ɗauki zane da riguna 25, kana kuma da 60, jikka 3 ke nan. Gwaji uku ko huɗu sun isa: na kwanoni, na tufafi, na littattafai, da na kayan madafa. Aikin bai wuce na yini guda ba.

Akwai kayan da ba sa ƙirguwa, irin su kwalabe, gwangwanaye, caza, takalma, kayan kwalliya da sauran tarkace. Ka tara na kowane ɗaki wuri ɗaya, ka ajiye kwalin gwaji kusa da tarin, ka duba da ido sau nawa zai cika. Abin da idonka ya ba ka, ka ƙara ɗaya, domin tarkace ba sa jeruwa, kullum suna barin gurbi tsakaninsu.

Bayan ka haɗa jimilla, ka ƙara kwali guda bisa kowane goma. Wannan rarar ta kayan da za su fito a ranar ƙarshe ce, da kwalin da zai yage. Kwali uku da suka yi saura ba asara ba ce. Rashin kwali uku da daren tafiya, lokacin da shaguna suka rufe, shi ne wahala.

Cika daban, nauyi daban

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sami babban kwali a cika shi da kaya masu nauyi don kawai akwai wuri. Kwalin da muka ambata yana ɗaukar lita 60. Idan ka cika shi da barguna, yaro ma zai ɗauka. Idan ka cika shi da littattafai, zai haura kilo 30, gindinsa ya ɓalle, wanda ya ɗaga shi kuma ya ji a ƙugunsa. Ka'ida ita ce kaya masu nauyi su shiga ƙaramin kwali, marasa nauyi su shiga babba.

Ba sai kana da sikeli ba. Litar ruwa guda nauyinta kilo guda ne. Bidon ruwa mai lita 20, idan ya cika, ya ɗan haura kilo 20. Ka ɗaga bidon, sannan ka ɗaga kwalin. Idan kwalin ya fi shi nauyi, ka rage. Idan mata da yara ne za su taimaka da ɗauka, ka tsaya wajen kilo 10 zuwa 15. Mace mai ciki kada a bar ta ta ɗauki kaya ko kaɗan. A ba ta aikin riƙe takarda da ƙirga abin da ke fita.

Hatsi lissafinsa mai sauƙi ne, tunda an riga an san ma'auninsa. Tiyar gero guda kimanin kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ne. Idan kana da tiya 200, buhu 5 ke nan, nauyinsu kilo 500. In da hali, ka raba su cikin buhuna masu tiya 20, waɗanda mutum biyu za su ɗaga ba tare da wahala ba. Irin shuka ka ware shi, ka rubuta sunansa a jiki, don kada ya gauraye da na ci. Waken da aka adana cikin buhun PICS, mai ruɓi uku, yana son kulawa ta daban. Abin da ke kashe ƙwari a cikinsa rashin iska ne. Idan ƙusa ko ƙarfen gado ya huda ledar ciki, iska ta shiga, ƙwari za su dawo. Ka shimfiɗa masa tabarma a ƙasa, ka nisanta shi da duk abu mai tsini.

Misalin wani gida

Mu ɗauki gida mai mutum goma: maigida, mata biyu, yara shida, da mahaifiyar maigida. Za su tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 240 bisa hanyar da ta bi ta Tasawa. Lambobin nan misali ne kawai, na gidanka gwaji ne zai ba ka su. Bayan zagaye da gwaji, ga abin da takardarsu ta nuna:

Ɗakin uwargida: kwali 7, jikka 3, akwati 2.
Ɗakin amarya: kwali 7, jikka 2, akwati 1.
Ɗakin maigida: kwali 3, jikka 1, akwati 1.
Kayan yara: kwali 2, jikka 2.
Ɗakin tsohuwa: kwali 1, akwati 1.
Madafa: kwali 6.
Hatsi: buhu 5.

Ka haɗa da kanka kafin ka ci gaba da karatu. Kwali 26 ne, jikka 8, akwati 5. Da rarar ɗaya bisa goma, kwali ya zama 29, sai a ce 30. Idan mai shago yana sayar da kwali guda dala 40, wato sefa 200, kwali 30 za su ci sefa 6.000, wato jikka shida ta kuɗi.

Igiya ita ma tana da lissafi, kuma ita aka fi mantawa. Kwali mai girman da muka faɗa, idan za a ɗaure shi ta tsawo da ta faɗi, zagaye na farko yana cin santimita 160, na biyu 140. Jimilla mita 3 ke nan, da abin ƙulli a ce mita 3 da rabi. Kwali 30 za su buƙaci mita 105. Wannan ban da igiyar da za a ɗaure lodi bisa mota. Salatif yana rufe bakin kwali, amma zafi da ƙura suna sa ya saki. Kwali mai nauyi igiya ce take riƙe shi, ita ce kuma abin kamawa wajen ɗauka.

Auna mota kafin ka yi ciniki

Yanzu takardarka za ta yi maka aikin da ya fi kowane amfani. Mai mota idan ka ce masa kayan ba su da yawa, zai faɗi kuɗi kaɗan, ranar lodi kuma ya ce ba haka aka yi da shi ba. Idan ka ce masa kwali 26, jikka 8, akwati 5, buhu 5, gado 3, katifa 4, keken ɗinki 1, to magana ta fito fili, kowa ya san abin da ya amsa.

Ka je ka ga motar da idonka, ka auna bayanta. Idan ba ka da igiyar awo, kamu guda, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, ya kusa rabin mita. A ce bayan motar tsawonsa mita 2 ne, faɗinsa mita 1 da rabi. Kwali 4 za su jeru ta tsawo, 3 ta faɗi. 4 sau 3, 12 ke nan a shimfiɗa guda. Idan aka ɗora hawa uku, kwali 36. Kada a wuce hawa uku, domin na ƙasa zai lotse. Ka tuna kuma cewa tudun da ke bisa tayoyin baya yana cin wuri, saboda haka ainihin abin da zai shiga bai kai 36 ba.

Sai ka mayar da sauran kaya zuwa ma'aunin kwali. Babbar jikka, da akwatin ƙarfe, da buhun hatsi mai kilo 100, kowanne yana cin wurin kwali biyu ko kusa da haka. A gidan misalinmu, jikka 8 sun zama 16, akwati 5 sun zama 10, buhu 5 sun zama 10. Idan aka haɗa da kwali 26, wurin kwali 62 ake buƙata, kuma ba a sa gadaje da katifu ba tukuna. Ƙaramar mota ba za ta ɗauka a sawu guda ba.

Nauyi ma haka ya nuna. Kwali 26 masu kilo 15 sun ba da kilo 390. Jikka 8 masu kilo 20 sun ba da 160. Akwati 5 masu kilo 30 sun ba da 150. Hatsi 500. Jimilla kilo 1.200. Ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya an yi ta ne don ɗaukar kimanin tan guda, wato kilo 1.000. Gaskiya ne kullum ana ganin irin waɗannan motoci da lodin da ya ninka haka. Ana kuma ganin su a bakin hanya, taya ta fashe ko ƙarfen ƙasa ya karye.

Wannan maigida yana da zaɓi uku: ya yi sawu biyu, ko ya nemi babbar mota, ko ya rage kaya. A tafiya mai nisa sawu biyu yana nufin kuɗin mai sau biyu, don haka sau da yawa babbar mota ta fi araha, musamman wadda ta sauke kaya za ta koma ba komi. Hatsi kuwa shi kaɗai ya kusa rabin nauyin. Ya kamata ya tambayi kuɗin tiya a kasuwar da zai bari da kasuwar da zai je, ya kuma tambayi kuɗin ɗaukar buhu guda. Idan kuɗin ɗauka ya fi bambancin farashi, ya sayar da wani kaso ya saya can. Amma a yi hattara: kuɗi a aljihu suna narkewa lokacin ƙaura, hatsi a buhu kuwa yana nan. Idan ana gab da damina, lokacin da hatsi yake tsada, ya fi kyau ya tafi da abinsa.

Idan ƙaurar cikin gari ce, amalanke ko kura sun isa. Amalanken jaki bai kamata ya wuce nauyin buhu 4 ko 5 ba bisa hanya mai tauri, cikin rairayi kuma a rage. Ka raba jimillar nauyin da wannan, ka sami yawan sawu, sannan ka yi ciniki bisa sawu ko bisa aikin baki ɗaya. Ku gama magana a gaban shaida, har da wanda zai biya ƴan dako.

Lamba da alama

Kowane mazubi ya samu lamba, daga 1 har zuwa na ƙarshe, kwali da jikka da akwati da buhu duka cikin jeri ɗaya. Ka rubuta lambar a gefe biyu, ba a sama kaɗai ba, domin idan an ɗora wani bisa wani saman ba ya ganuwa. A takardarka kuma ka rubuta lambar, da sunan mai kayan, da abin da ke ciki a taƙaice. Abu mai daraja kada a rubuta sunansa a jikin kwali. Lamba ta isa, bayanin yana cikin takardar da ke aljihunka.

Ba kowa ne ya iya karatu a gidan ba, kuma ƴan dako ma haka. Saboda haka ka ba kowane ɗaki alamarsa: ƙyallen ja a igiyar kayan uwargida, kore a na amarya, fari a na tsohuwa. Kwalin da ke da kayan fashewa a zana masa kofi, a kuma zana kibiya mai nuna sama. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kada a haɗa kayan mace biyu cikin kwali ɗaya, ko da an sami wuri. Kwano guda da ya shiga ɗakin da ba nasa ba yana iya jawo maganar da za ta daɗe ba ta mutu ba.

Abin da ba ya shiga lodi

Akwai jikka guda wadda ba ta hawa bayan mota, tana hannunka daga farko har ƙarshe. A cikinta ne za ka sa takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar aure, takardun fili ko gona, karnen rigakafin yara, karnen awon ciki, da takardar canjin makaranta da ka karɓo wa ƴan makaranta. Ka naɗe su cikin leda biyu. Kuɗi, da zinari, da wayar hannu da cazarta su ma nan ne wurinsu.

Magunguna ma suna cikin wannan jikka, domin zafin bayan mota yana lalata su. Idan akwai mai shan magani kullum, kamar mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko mai tarin fuka, ka je gidan likita tun kafin tafiya. Ka nemi maganin da zai ishe shi, da takardar da zai nuna a gidan likitan sabon wuri. Maganin tarin fuka aƙalla wata 6 ake shan sa, kuma yanke shi a tsakiya yana iya sa cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko.

Tukunyar gas a rufe ta, a cire mata kai ko tiyo, ta yi tafiya a tsaye, ba cikin kwali ba. Fetur, kananzir, batir, da maganin ƙwari su zauna can gefe guda, nesa da abinci, inda yaro ba zai kai hannu ba. Fitila da risho a juye man da ke cikinsu. Mutane kuwa, musamman yara, kada su hau bisa lodi. Kuɗin motar fasinja ya shiga cikin lissafinka tun farko.

Ka kuma ware kwali ɗaya ko biyu na daren farko. A ciki a sa tukunya guda, kwanoni kaɗan, ashana, fitila, sabulu, buta, gidan sauro, garin kunu da kayan sawa na kwana biyu. Shi ne zai hau mota a ƙarshe, ya sauka a farko.

Jerin kwanaki

Ka fara ɗaure kayan da ba a amfani da su kullum tun saura mako biyu, kamar kwanonin jere, kayan sanyi idan bazara ce, da littattafai. Idan kana da kwali 26 da kwana 13, kwali biyu a yini sun isa, kuma ba wanda zai gaji. Kwalin da aka gama kada a ajiye shi bisa ƙasa kai tsaye, domin gara tana iya cinye gindinsa cikin ƴan kwanaki, damshi kuma yana lalata shi. A ɗora shi bisa gado, ko bulo, ko itace. Katifu da gadaje a fitar da su rana a duba lungunansu, don kada a kai kuɗin cizo sabon gida. Wajen ɗaga kayan da suka daɗe a ajiye, a fara turawa da sanda, saboda kunama.

Idan kana da ikon zaɓen lokaci, ka guji tsakiyar damina, wato Yuli da Agusta. Idan dole ne, ka sa leda cikin kowane kwali kafin zuba kaya, ka kuma tabbata mai mota yana da tamfol wanda bai huje ba. A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, a yi lodi da asuba ko da yamma. Mai ƴan makaranta kuma ya yi ƙoƙari ya isa kafin a koma aji a watan Oktoba.

Ranar lodi, buhunan hatsi da akwatuna su fara shiga, su zauna ƙasa, daga wajen kan mota. Kwalaye masu nauyi su biyo baya, marasa nauyi a samansu. Jikkunan tufafi a cusa su tsakanin kayan fashewa. Madubi ya tsaya a tsaye tsakanin katifu biyu. Mutum guda ya tsaya bakin ƙofa da takarda, duk lambar da ta hau ya yi mata alama. Idan an gama, ka faɗa wa direba jimilla a gaban mutane, ka rubuta lambar motarsa da ta wayarsa. Sannan ka koma cikin gida ka sake zagaya kowane ɗaki, ka duba bayan ƙofa da saman katanga.

Idan an isa, mai takarda ya sake tsayawa bakin ƙofa, ya yi alama ta biyu ga duk lambar da ta sauka, kowane launi kuma a kai shi ɗakinsa. Kada ka biya cikon kuɗin mota sai lambobin da suka hau da waɗanda suka sauka sun zo daidai. Kwalayen da suka isa lafiya a warware su, a shimfiɗe, a ɗaure wuri ɗaya, a rataye inda gara ba za ta kai ba. Takardar lissafin kuma ka ajiye ta tare da takardun gida, ka rubuta a ƙasanta kwali nawa aka yi amfani da su a zahiri da kuɗin da aka kashe.